Alhamis Ukun da Na Ɗaga

Gidan nan ya yi mini yawa. Tun da autana ya tafi karatu Maraɗi, tukunyar da nake ɗorawa ta koma 'yar mitsitsiya, ita ma sai an yi ɗumame. Da hantsi, in maigidan ya ɗauki rediyonsa ya fita bakin ƙofa wajen tsofaffin ma'aikata 'yan'uwansa, su zauna su gyara duniya da baki, sai in ji abin da na yi shekara kusan talatin ban ji ba, wato shiru. Da can roƙon Allah nake ya ba ni shirun minti biyar in ji kunnena. Ga shi ya ba ni har da gyara, na rasa inda zan kai shi. Sai in share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata, in koma in zauna.

Cikin wannan shirun ne babbar ɗiyata ta shigo mini wata Asabar, goye da jaririnta ɗan wata uku. Ita ce ta fari, don haka ba na kama sunanta, kuma hira ba ta tsawo tsakaninmu. Haka muka tarar, haka muke yi. Aikin duba jini take yi a wani asibiti nan Tasawa. Ta sauke yaron, ta sha ruwa, ta yi ta juya kofin a hannunta.

"Mama, konjena na ƙarewa ran Litinin ta sama," ta ce, tana nufin hutun haihuwarta. "Na yi shawara. Aje aikin za ni yi."

"Ki aje ki yi mi?"

"In yi abin da kika yi mana. Ba aje naki kika yi ba kika riƙe mu? Ga mu nan, ba mu lalace ba."

"Mijinki ne ya ce?"

"A'a. Shi ya ce ni na sani."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, don kalmar ubanta ce sak, kamar tare suka yi karatunta. Sai ta ɗago ido ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

"Ki hwaɗa mini gaskiya, Mama. Kin taɓa yin da-na-sani?"

Na ce miyata na kan wuta. Na ce ta bari kada ta rubuta komai, ta dawo wata Asabar ɗin mu yi magana. Mako guda na sayo wa kaina da wannan dabara, kuma makon nan kaf ban yi wani abin kirki ba sai tuna baya.

A Kona na tashi, a hannun kakata ta wajen uba. Abin da ya fi zama mini a kunne daga wancan lokaci shi ne safiya: sallamar limamin ƙauye, sannan taɓarya ta fara a gida ɗaya, wata ta amsa daga can, kafin rana ta fito duk garin ya ɗauka. Ƙarƙashin wannan duka akwai kukan awaki. Kakata jajayen awaki take kiwo, irin namu na ƙasar Maraɗi, masu gashi mai sheƙi, kuma ba ta yarda baƙin bunsuru ya leƙo ko bakin danga. Aikina ne in tsinto musu 'ya'yan gawo, in kai musu ruwan tsari, in sauko da harawa daga saman rumfa daidai gwargwado, don in na zuba da yawa sai na sha ranƙwashi. Takan riƙe haɓar akuya ta buɗe bakin ta ce, "Zo ki gani, 'yar nan. Haƙori ake dubawa, ba ƙiba ba." Ta nuna mini yadda ake gane wadda za ta kwanta ciwo tun kwana biyu kafin ta kwanta, daga yadda take riƙe kunne. Yanzu awakin Tasawa leda suke ci a bakin titi, 'yan mata kuma su tsallake su suna latsa waya, ba mai sanin ta wa ce sai ta yi ɓarna.

Lakwal kuwa, wato makarantar boko, sa ni aka yi, ba roƙo na yi ba. Ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin bishiyar bedi, mushe malaminmu ya buga shi, mu sheƙo da gudu da alluna a hammata, hannuna na warin awaki. Kai ya ɗauka, ban san yadda aka yi ba. Na ci sartifika, aka kawo ni kolej Tasawa, daga nan na wuce makarantar elbaj, inda ake koyon aikin lafiyar dabbobi. Mu mata a ajin ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. A Kona dariya aka yi ta yi: duk wannan karatu, an je an dawo, ashe bayan akuya za a koma. Kakata ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta ce ai gara wanda ya san abin da ya je nema.

Aka tura ni Gidan Amumune, ƙasar Mayahi, kuma a can na gane abin da ya sa ake bukatata. Abokan aikina maza ne. Shanu da raƙuma ana koro musu su fili, su yi musu allura, su koma. Amma awaki na mata ne, a cikin gida suke ɗaure, bayan ɗaki, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Shekara da shekaru ana allurar dabbobi a ƙasar nan, awakin mata ba su taɓa ganin tsinin allura ba. Ni kuwa sallama kawai nake yi in kutsa. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai san mece ce akuya wajen mace ba: ita ce kayan ɗakin ɗiyarta, ita ce maganin ɗanta, ita ce abin da take kallo ta ji ba a banza take ba. Nakan tashi da sassafe in ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, in yi ta kokawa da yashi, rabin tafiyar ni ke tura ta. In na doso gari sai in ji ana cewa, "Madam Elbaj ta zo! Ku kwance awaki!" A cika ni da fura da ƙwan zabi har in rasa wurin sawa. Maganin yana da doka: in aka fasa kwalba dole a ƙare ta a ranar, kafin rana ta yi zafi, don haka ba na fasawa sai awaki sun taru. Ina son aikin nan. Ban taɓa faɗa wa kowa yadda nake son sa ba, don a lokacin kunya ce mace ta ce tana son wani abu haka.

A can na yi aure da maigidan, yana koyarwa a lakwal ɗin garin, a can kuma na haifi yarinyar nan. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta zo ta zauna da mu don ta riƙe ta in na fita. Mace ce mai tsafta da kawaici, ba mu taɓa sa-in-sa ba. Abu ɗaya ta gindaya tun farko: ita ba ta ɗaukar lafiyayyen yaro ta kai a huda shi, in allura ce uwarsa ta kai shi. Na ce ba komai, ai aikina ne. Karnen yarinyar, wato katin allurarta, a jakar aikina ma yake kwana.

Da ta cika wata tara, saura allurar baƙon dauro. A likitar garin, wato ɗan asibitinmu, ranar Alhamis kawai ake yin ta, don su ma ba sa fasa kwalba saboda yaro ɗaya. Ban ga laifinsu ba, dokata ce. A shekarar ƙanƙarar ajiye maganin dabbobi ta iso mana a makare, ga bazara ta kawo kai, aikin wata biyu aka ce mu yi shi cikin ɗaya. Alhamis ta farko ta faɗo ranar wani ƙauye mai nisa, an riga an aika, mata sun tara awaki tun asuba. Na ce mako mai zuwa. Alhamis ta biyu shugabanmu ya sauya tsarin fita, abokin aikina ya kwanta zazzaɓi, na ce to, mako mai zuwa. Waɗannan biyun in na so ina iya kare kaina. Ta ukun ce ba ni da abin cewa. Na riga na yi wa yarinyar wanka, na ɗaura zane, sai ga wata tsohuwa daga zangon Buzaye ta yi sallama, ta ce an tsallake su, tun jiya take tafe, kuma an ce mata Madam kaɗai ke shiga gida. Ina iya ce mata gobe Juma'a. Ba abin da zai sami awakinta a kwana ɗaya. Amma na ji daɗin a ce an tako tun jiya don ni, wannan ita ce gaskiyar. Na miƙa yarinyar ga kakarta, na sauya kaya, na tayar da mobilet.

Alhamis ta huɗu ba ta same mu lafiya ba. Ciwon ya shigo unguwa, ya bi gida gida. Idon yarinyar ya yi ja, jiki ya yi zafi kamar garwashi, ƙuraje suka feso tun daga bayan kunne. Ni da na san sunan ciwon da Faransanci, na san ta inda yake shiga da yadda yake fita, na zauna da ita a cinya ba abin da sanin ya ƙara mini sai tsoro. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Amma kunnen hagu ya yi ta zubar da ruwa, da ya bushe kuma ya bushe da jinsa. Wata rana da la'asar uwar mijina na tankaɗe, ba ta ko dube ni ba ta ce, "An bi awakin duniya an yi masu allura, ɗiyar mutum guda ta gagara." Sau ɗaya ta faɗa, har ta koma ga Allah ba ta maimaita ba. Maigidan yana zaune yana gyaran takardun ɗalibai, bai ɗago ba.

Ba wanda ya ce in bar aiki, ina so a san wannan. Da hannuna na rubuta takardar neman hutun shekara biyu. Shugabanmu ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Madam, to wa za ya shiga gidajen?" Na ce a nemo wata. Na tambayi maigidan ra'ayinsa, ya ce ni na sani. Kafin shekara biyun ta cika ina da wani cikin, na sabunta takardar. Kafin waccan ta cika ina goyon na uku, an mayar da maigidan Tasawa, ban ma tuna da wata takarda ba sai da aka aiko cewa an cire sunana. Matar da aka ce a nemo kuwa ba a samu ba. Na san haka ne don wata rana a kasuwar Tasawa, ina tsugune ina zaɓen albasa, wata mata ta dafa ni ta ce, "Madam Elbaj? Ke ce? Kin tahi, ba wanda ya sake shigowa. Ciwon majina da zawo ya zo mana bara. Awaki bakwai gare ni, igiyoyi suka rage." Ba da faɗa ta faɗa ba, har tana tambayar lafiyar yara. Na dawo gida ban sayi albasar ba.

Shida na haifa, shida na raina, kuma ba zan yi wa Allah butulci ba. Na ga haƙorin kowannensu na farko. Na san wanda ke tsoron tsawa da wanda ke ɓoye nama a aljihu. Ni na koya musu karatu a kan tabarmar nan kafin su shiga aji, kuma ba a sake yin ranar allura ta wuce ni ba, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, har maƙwabta na yi mini tsiya wai ni ke buɗe wa likitoci ƙofa. Akwai daɗi a ciki, daɗi na gaske. Sai dai wanki ba ya ƙarewa, tuwo ba ya ƙarewa, ka yi na yau gobe ya dawo kamar ba a taɓa yi ba, kuma ba mai zuwa tun daga wani gari ya ce ke kaɗai ake nema. Faransancina ya yi tsatsa, yanzu in zan yi magana da likita sai na shirya jimlar tun daga gida. 'Yan ajinmu, waɗanda nake ba amsa a ɓoye, suna wucewa cikin motar aiki su sauke gilashi su ce, "Hajiya, ina gajiya?" In ce babu gajiya, alhali ita kaɗai ce gare ni.

Abin da ya fi cina shi ne yabo. A gidan biki sai ka ji wata tsohuwa na nuna ni ga matar ɗanta tana cewa, "Ki dubi Madam, da karatunta da komi ta zamna ta riƙe ɗiyanta." In sunkuyar da kai kamar mai kunya. Su a ganinsu hankali ne ya zaunar da ni. Ni kuwa na san hukunci na yanke wa kaina, na kuma zauna ina cinsa ba tare da na sa masa ranar ƙarewa ba. Yarinyar nan ta girma tana juyo da gefen dama in ana magana, tana zama a layin gaba a aji, an ce mata ciwon yarinta ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ba a dai gaya mata sauran ba. Ga shi yanzu tana so ta ajiye aikinta don ta yi koyi da abin da ba ta san tushensa ba.

Akwai kuma wani abin da ya sa tambayarta ta zo mini a mummunan lokaci. Da daminar nan wasu mata daga Kona suka zo har gida. Sun haɗa kai suna kiwon jajayen awaki, suna neman mace wadda ta san aikin, ta riƙa zagaya su kwana uku a mako, har wajen Hawandawaki. Na ce na tsufa, na manta. Da suka tafi na leƙa gidan maƙwabciyata na kama haɓar akuyarta, sai na ga hannuna ya buɗe bakin da kansa, yatsana ya tafi inda ya saba. Na aika musu cewa na yarda, in an gama girbi zan fara. Gwiwoyina na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma na yi kwanaki ina tashi da sassafe ba tare da an tashe ni ba. Duk gidan an san da maganar, har ɗiyar tawa.

Asabar ta zo, ɗiyata ta dawo. Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na zauna ta gefen da take ji. Tsakanin uwa da 'yar fari ba a irin wannan zama, sai da na yi ta gyaran murya. Sannan na ba ta labarin tun daga Alhamis ta farko, ban rage ta ukun ba, har daɗin da na ji na faɗa mata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon ƙafar yaron.

"Baba ya sani?"

"Shina nan aka yi komi."

"Duk kun sani ke nan. Ni kaɗai. Da kin bar ni yadda nike, Mama. Kuma bayan wanga labari so kike in tahi aiki in bar nawa? Ai ke da kanki kin nuna mini abin da ke hwaruwa."

"Ban ce ki tahi ba, ban ce ki zamna ba. Kin ce za ki yi abin da na yi, shi ne na ce bari ki san abin da na yi. Ban aje aiki don na ga shi ne daidai ba. Tsoro ne da jin kunya. Na zamna shekara talatin, kunnenki bai dawo ba. In za ki aje, ki aje don ba ki son aikin. Kina son shi?"

Ta gyaɗa kai. Na san wannan gyaɗa kan, irin na mai jin kunyar abin da take so.

"To wa za ya riƙe mini shi?" ta ce. "Uwar mijina na Mayahi, ba ta da lahiya. 'Yar aiki kuwa ban yarda ba, ban iyawa."

Na duba tsakar gidan da na share sau biyu tun safe. Amsar ba ɓoyayya ba ce, tana zaune a kan tabarma da ciwon gwiwa. Wallahi sai da na ji kamar in tashi in ce miyata na kan wuta.

"Ki kawo shi nan."

"Aikin Kona hwa?"

"Kona ba ta gudu."

Ta dube ni, na dube ta. Mu duka mun san shekaruna, mun kuma san bayan wannan yaron wani zai zo. Ba ta yi godiya ba, ban kuma jira ba. Ta goya ɗanta ta ce sai Litinin, a bakin ƙofa ta gaida ubanta sama-sama ta wuce.

Ranar Lahadi na kira shugabar matan Kona na ce su nemi wata. Ta yi ta tambaya ko wani abu aka yi mini, na ce ba komai, jika ne. Ta ce to Allah ya raya, ai jika ya fi akuya. Na ce haka ne.

Litinin ƙarfe bakwai ɗiyata ta sauka daga babur ɗin kabu-kabu da farar rigar aikinta a jaka. Ta miƙo mini yaron da kayansa, ta yi mini bayanin komai dalla-dalla kamar ban taɓa ganin jariri ba, na saurara har ƙarshe. Har yanzu gaisuwarta gajera ce, ban san ranar da za ta yi tsawo ba, ko ma za ta yi. Na ajiye aiki karo na biyu ke nan, wannan karon ko fara shi ban yi ba. Yaron yana da nauyi, bayana kuma ba na da ba ne. Ta ce za ta zo ɗaukarsa ƙarfe biyar. Na san sai shida, kuma ba zan ce mata komai ba.